Rantsuwata a Kan Bukkar Inna

Ko zan manta da abin da na ci jiya, ba zan taɓa mantawa da ranar Talatar nan ba, ranar da na miƙe tsaye a gaban manyan malaman jami'a da fulas ɗin kunu a hammata, na rantse da Allah a kan abin da ban sani ba. Har yanzu in ina wanke-wanke abin ya faɗo mini, sai hannuna ya tsaya cak a cikin kumfa, in yi istigfari a bayyane, har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta tambaye ni ko wuƙa ce ta yanke ni.

Bari in fara daga kan 'yata. Sunan mahaifiyata muka sa mata, shi ya sa bakina ba ya iya kiran sunan, Ummi nake ce mata. Ita ce ta fari, ita ce kuma ta farko a zuriyarmu da ta taka jami'a, tana karatun kwamfuta a nan Lafia. Ni iyakata sakandare, a Awe na yi, ina gamawa aka yi mini aure na dawo nan (Turanci dai ina ji, kuma da ba na ji da wannan labarin bai faru ba). Akwai kuma abu ɗaya da aka san ni da shi a unguwa: ba na rantsuwa. Ko a kasuwa, ko a rigimar yara. Baban Ummi yakan ce tun da ya aure ni bai taɓa jin wallahi a bakina ba. Ina jin daɗin wannan shaida, har ina ɗan yin taƙama da ita a zuciyata, Allah ya yafe mini.

A shekararta ta ƙarshe aka ce kowane ɗalibi ya yi aikin kammalawa, wanda sai an amince da shi za a sa sunan mutum cikin waɗanda suka gama, daga nan a tura su bautar ƙasa. Ummi ta zaɓi aikin da na kasa bayyana wa mata a Islamiyya. Wai za ta koya wa kwamfuta zana haske a cikin hayaƙi. Ba ɗaukar hoto ba, ba zane da hannu ba, lissafi za ta ba ta, ita kuma kwamfuta ta fitar da hoton. Na ce mata hayaƙi ga shi nan kyauta a madafi safe da yamma, me ya kai ta yin na ƙarya. Ta yi dariya, ta ce masu fim da masu wasannin waya da shi suke aiki, kuma yana cikin abubuwa mafi wuya, domin bango in haske ya faɗa masa a fuskarsa yake tsayawa, amma hayaƙi haske shiga cikinsa yake yi ya yi ta yawo.

Da ta ga ban gane ba sai ta ɗauko kofin gilas da ruwa, ta ɗiga madara kaɗan, ta kai ni lungun ɗaki ta haska tocila ta gefe. Sai ga hanyar hasken ta fito a cikin ruwan kamar an ja zare. Ta ce kafin ta ɗiga madarar hasken yana wucewa, amma ba na ganinsa, don ba abin da ya juyo da shi zuwa idona. Yanzu ƙananan ƙwayoyin madarar ne yake karo da su: wani a shanye shi, wani a karkatar da shi, ya je ya sake karo da wata ƙwayar, har Allah ya sa wani ya faɗo cikin idona. Ta ce in leƙa ta gefe, na ga ruwan ya yi shuɗi-shuɗi. Ta ce in leƙa ta inda tocilar ke kallona, na ga ya koma rawaya-rawaya. Na yi tasbihi. Shekara nawa ina dama koko ban taɓa lura ba.

To, abin da ke kan kwamfutar tata kuwa bai yi kama da wannan ba ko kusa. Wani akwati ne toka-toka, da wani dunƙule a tsakiya kamar tuwon da ya kwana, ga ɗige-ɗige ko'ina kamar an watsa gero. Sau biyu ina goge gilashin da gefen zani kafin ta hana ni. Ta ce ba datti ba ne. Kwamfuta ba za ta iya bin kowane zaren haske ba, sai dai ta riƙa jefa su ɗaya bayan ɗaya tana cankar inda kowanne zai karkata, to da farko cankar ba ta da yawa, shi ya sa hoton ke fitowa da ɗige. In aka bar ta tana jefawa kwana da kwanaki, ɗigen sai su narke. Na ce to. A raina kuwa na ce shekara huɗu a jami'a, ga abin da aka samu, tuwon jiya da gero. Na ƙara mata addu'a a sujada ban gaya mata dalili ba.

A watannin nan ne ta ɗauki wata ɗabi'a. In ina girki sai ta jawo kujera ta zauna kusa da ni ta ce in ba ta labarin bukkar Inna. Inna, mahaifiyata, dafa gishiri ce sana'arta a Awe har ta rasu. Da rani mata kan kankaro ƙasar gishiri, a zuba a tukwane masu huda a ƙasa, a zuba ruwa a tace, sannan a dafa ruwan a kasko har ya ƙone ya bar gishiri. Inna tana da wata bukkar ciyawa da take dahuwar a ciki, a can na yi ƙuruciyata ina tura itace. Bukkar ta daɗe da rushewa, ko gurbinta ba a ganewa. Ummi sai ta yi ta tambaya: ƙofar gabas take kallo ko yamma, murhun duwatsu nawa ne, ina hudar da rana ke shigowa. Na zaci kewar kakarta ce, ko kuma tausayina take ji. Na saki baki. Na gaya mata huda uku ce a jinkar, ɗaya babba biyu ƙanana, da hantsi hasken babbar yana sauka daidai bakin kasko. Na gaya mata hayaƙin itace daban, tururin gishiri daban: hayaƙin shuɗi yake a inda bayansa ke da duhu, tururin kuwa fari fat. Na gaya mata in ka tsaya kana fuskantar hudar, hasken har kashe ido yake yi, in ka zagaya ka ba shi baya sai ya kusa ɓacewa. A nan ta ce in tsaya, ta ruga ta ɗauko littafi ta rubuta. Na gaya mata har ƙwaryar Inna mai tsagu da aka ɗinke da zare, wadda take rataye a jikin gungumen tsakiya.

Na kuma ba ta labarin mai hoto. Shekara ɗaya kafin aurena wani mai hoto ya zo Awe yana zagayawa a kan keke, Inna ta sa ya ɗauki bukkar. Na ce mata ban sake ganin hoton ba tun rasuwar Inna, wataƙila yana wurin Yaya Musa, wanda nake bi, da ya zauna a gidan. Da aka yi hutu Ummi ta ce za ta je Awe gaishe da kawunta, ta yi kwana biyu ta dawo da gishiri a leda. Ku riƙe wannan, don a kansa na gina wautata.

Sau ɗaya tak na sa baki a aikin nata. Na kawo mata abinci na tarar dunƙulen nan ya ɗan yi kama da hayaƙi, amma baƙi, mai nauyi. Na ce mata wannan ai hayaƙin taya ne, tururi ba ya haka, tururi in ya yi kauri haske yake yi daga cikinsa, ko a inda rana ba ta taɓa shi ba. Ta ajiye cokali ta kalle ni kamar na faɗi wani abin mamaki. Ta ce don kwamfutarta ba ta da ƙarfi, karo ɗaya kawai take barin kowane zaren haske ya yi, daga nan ta yanke shi. Ashe hasken da ke cikin tururi na waɗanda suka yi karo da yawa ne, suna ta gewaya a ciki har su kai lungun da rana ba ta kai ba. Ta ce za ta sake aikin ta bar su su yi ta karo, ko da zai ɗauki kwanaki. Ta rungume ni, ta shafa mini miya a hijabi.

Daga ranar ta juya fuskar kwamfutar bango, ta ce kada in leƙa sai an gama. Na yi alkawari, na kuma cika. Kwana tara injin nan yana kuka a kan bulo biyu, da fanka a gefensa kamar mai jego. In aka ɗauke wuta sai ta sungume shi ta ruga gidan maƙwabta masu sola. Ta rame, idanunta suka faɗa. Ni dai a sanina tuwon jiya ake ta dafawa.

Ranar da za su kare aikin a gaban malamai ta ja mini kunne cewa iyaye ba sa zuwa. Na ce na ji. Amma ta fita ko ruwa ba ta sha ba, na ga kofin shayinta a kan tabarma ya yi sanyi. Zuciyata ta ƙi kwanciya. Na dama kunun gyada na zuba a fulas, na tari keke mai ƙafa uku, da niyyar in miƙa wa wani a ƙofa in juyo. Da na yi hakan da yanzu wani labarin nake ba ku. Wata mata mai shara ta ga ina ta leƙe-leƙe, ta ji tausayina, ta ce in shiga ta ƙofar baya in zauna a benci, ba wanda zai kula. Na shiga na rakuɓe a bayan ɗalibai.

A gaba akwai dogon tebur. Na gane malamar da ke duba aikin Ummi, wadda suke kira Madam, don ta taɓa nuna mini ita a waya. A tsakiya kuma wani dattijo mai farin gemu da hula zanna, aka raɗa mini cewa Farfesa ne da aka gayyato daga wata jami'a mai nisa, shi ke da maganar ƙarshe, kuma da la'asar zai kama hanya. Ana cikin haka aka kira Ummi. Ta fito cikin abayar da na goge mata, ta fara magana. Aka haska akwatin nan a bango, da lissafi layi-layi. Na sunkuyar da kai ina ta salati, ina roƙon Allah kada su yi wa tuwon dariya.

Sai ta danna wani abu, na ɗago kai, na ga bukkar Inna. Ga gungumen tsakiya, ga murhun, ga kaskon. Ga hasken babbar huda ya sauko a karkace ya tsaya daidai bakin kasko, ƙananan biyun suna gefe. Hayaƙin itace yana tashi shuɗi ta inda jinka ta yi duhu, tururin gishiri fari fat yana haske daga cikinsa. Ga ƙwaryar nan da ɗinkinta. Babu kowa a ciki, kamar Inna ta ɗan fita ɗebo itace ne yanzu za ta shigo. Wallahi (kun gani, yanzu bakin ya saba) har warin gishirin na ji a maƙogwarona. Hawaye suka zubo mini. Nan take kaina ya haɗa lissafinsa: Ummi ta je Awe, ta samo hoton mai keke a wurin Yaya Musa, ta gyara shi, ta ɓoye mini don ta ba ni mamaki. Ko da wasa bai zo mini cewa tuwon jiya ne ya zama haka ba.

Farfesa ya gyara tabarau ya tashi ya matsa kusa da bango. Ya nuna tururin da ke ƙasan kasko, inda hasken huda bai kai ba, ya ce da Turanci wurin nan ya cika haske, bai yarda haka zai kasance ba, ya fi kama da ta ƙara da hannu don ya yi kyau. Na ga Ummi ta yi murmushi ta buɗe baki. Daga baya na ji cewa tambayar da ta yi ta addu'ar a yi mata ke nan, don amsarta ita ce zuciyar aikin gaba ɗaya, maganar karo da yawa ɗin nan da muka yi a kan hayaƙin taya. Ta shirya shafi uku a kanta. Ni kuwa abin da kunnena ya ji shi ne wani baƙo yana ce wa 'yata maƙaryaciya a gaban jama'a, a kan bukkar uwata.

Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Ranka ya daɗe, a yi haƙuri. Yarinyar nan ba ta ƙara komai ba. Wannan bukkar mahaifiyata ce a Awe, haka take, haka haskenta yake."

Kowa ya juyo. Ummi ta juyo, murmushin ya tsaya a fuskarta bai san inda zai je ba. Farfesa ya amsa mini da Hausa mai kyau, a hankali, irin ta mutanen da suka san girman manya. Ya tambaye ni ko ni ce mahaifiyarta, na ce ni ce. Ya ce ya ji bukkar ta yi kama, amma ai ɗiyata ce ta gina ta a kwamfuta.

Da na yi shiru a nan ma da an yi dariya an wuce. Amma na ga kamar har yanzu bai yarda da ita ba, na ce bari in kawo ƙarshen maganar.

"Ba gini ba ne, ranka ya daɗe. Hoto ne na gaske. Mai hoto ne ya zo a kan keke ya ɗauka."

"Hajiya, da kyamara kike nufi?"

"Da kyamara. Na rantse da Allah ina tsaye a bayansa lokacin da ya ɗauka."

"Mama, don Allah," in ji Ummi, da wata murya ƙarama da ban taɓa jin ta da ita ba.

Na zaci kunya ce irin ta yara in iyaye suna yabonsu. Sai na ƙara. Na nuna ƙwaryar na ce ga ɗinkin nan, ni na riƙe wa Inna zaren. Na ce ni ba mai rantsuwa ba ce, a tambayi duk unguwarmu, amma yau na rantse. Ina cikin nuni da hannu fulas ya karkace, murfin ya faɗi ya gangara tsakanin kujeru yana ƙara, kunu ya bi gefen hijabina. Ba wanda ya yi dariya. Da sun yi da ya fi mini sauƙi. Madam ce ta taso da sauri ta kama hannuna tana cewa, da irin Hausarmu ta Lafia, "Mama, ka zauna, ka zauna mana, ka gama shi." A lokacin ban gane wa na gama ba.

Farfesa ya koma kujerarsa ya daɗe yana kallon takardar gabansa. Sannan ya ce shi ba zai ce ɗaliba ta yi ƙarya ba, amma kuma ba zai iya jefar da rantsuwar uwa a kan 'yarta ba, tunda ba ta da dalilin cutar da ita. Ummi ta ce kwamfutarta tana gida, a ba ta rabin awa ta ɗauko ta nuna musu yadda ta gina komai. Ya ce ko ta nuna, ana iya ɗora hoton gaske a cikin aikin a yi masa ado, kuma shi da la'asar zai tafi. Hukuncinsa shi ne babu maki har sai an ajiye kwamfutar a ofishin Madam, an sa ta sake fitar da hoton daga farko, a gaban idonsu. Madam ta tuna masa cewa ranar Juma'a za a tura sunayen waɗanda suka gama. Ya tambayi Ummi kwana nawa aikin ke ɗauka. Ta ce tara. Sai a lokacin na gane wa na gama. Na zauna a kan kunun da ya zube a benci.

Muka tari keke muka kama hanyar gida. Ummi ce ta riƙe fulas ɗin, ta ma nemo murfin kafin mu fito. Na so ta yi mini tsawa, ko ta yi kuka, ko ta ce na kashe ta. Sai da muka kusa gida ta ce, ba tare da ta kalle ni ba:

"Mama, babu hoto. Ke kika faɗa mini bukkar, ni kuma na lissafa haskenta. Na so in nuna miki yau da yamma."

Baban Ummi da ya ji, ya cire hula ya ajiye a gwiwa ya ce shekara ashirin da wani abu ina tara rantsuwa, ashe a kan 'yarsa zan sauke ta. Bai ƙara ba. Labari kuwa ya riga ya fita, don ɗalibai ba sa riƙe magana. Kafin mako ya zagayo har mai kayan miya a kasuwa, in na ce tumatirinsa ya fara lalacewa, sai ya ce ai shi ke nan tunda Hajiya tana tsaye a bayan mai hoto. Na daina zuwa Islamiyya mako biyu.

Abin da ya fi damuna shi ne har a lokacin wani ɓangare na zuciyata yana cewa ai na ga hoton nan, na san shi. Don haka na shiga mota na tafi Awe. Yaya Musa ya sauko da tsohon akwatin ƙarfen Inna, muka yi ta tono cikin zannuwa da takardun asibiti, can ƙasa muka same shi a cikin wata ambulan. Ɗan ƙarami ne, ya koɗe ya yi ja-ja. A waje aka ɗauka, da rana tsaka. Inna tana tsaye ta runtse ido, bukkar tana bayanta, ƙofar baƙin rami kawai. Babu hayaƙi, babu tururi, babu haske ko ƙwarya. A gefen Inna kuma ga wata siririyar yarinya da ɗaurin kallabi a karkace tana washe haƙora. Yaya Musa ya ɗora yatsa a kanta ya tambaye ni, in ina bayan mai hoto, wannan kuma wace ce.

Ni ce. Ko wurin da na tsaya ban faɗa daidai ba.

Washegari na ɗauki hoton na kai ofishin Madam. Na tsaya a gabanta kamar ɗalibar da aka kama, na ce na zo in janye rantsuwata, na yi ta a kan abin da ban sani ba, a rubuta a aika wa Farfesa. Ta karɓi hoton ta kalla, ta kalle ni, dariya ta taso mata ta danne ta da tari. Ta ce za ta aika, amma sunaye sun riga sun tafi tun Juma'a, ba abin da za ta iya yi. A kusurwar ofishin ga kwamfutar Ummi a kan bulo biyu tana kukanta. Na roƙi izini na matsa kusa. Gero ne watse ko'ina, irin wanda na taɓa gogewa da zani. Amma da na ƙura ido, sai na ga gungumen tsakiya yana fitowa daga cikin ɗigen, da wani abu fari-fari a inda kasko yake. Na tsaya a nan har ƙafata ta yi tsami, ina kallon bukkar uwata tana haɗuwa kaɗan-kaɗan daga lissafin 'yata, na yi kukan da ban yi a keke ba.

Kwana goma sha uku ya ɗauka wannan karon, saboda wutar ofis ba ta da maƙwabta masu sola. Hoton ya fito sak irin na farko. Farfesa ya aiko da maki mai kyau, har ya ce a gaishe da Hajiya, gaisuwar da na so a ce bai aiko ba. An wanke Ummi. Amma ƙawayenta sun tafi bautar ƙasa, ita sai wani zagayen, watanni masu yawa nan gaba, in Allah ya kai mu. Kullum da safe ina jin ƙarar tsintsiyarta a tsakar gida. Wani lokaci wayarta ta yi ƙara, ƙawarta ce ta turo hoto cikin kakin bautar ƙasa, sai ta kalla ta kife wayar ta ci gaba da shara. Ba ta taɓa ce mini komai ba. Tana gaishe ni da ladabi, tana taya ni girki. Sai dai ta daina jawo kujerar nan ta zauna kusa da ni, kuma ba ta sake tambayata labarin Inna ba.

Na tambayi malamarmu ta Islamiyya hukuncin rantsuwar. Ta ce tunda na yi ta ne ina ganin gaskiya nake faɗa, babu kaffara a kaina, in yi istigfari in kiyaye harshe. Duk da haka na yi azumin kwana uku, don na rasa abin da zan yi da kaina. A rana ta uku Ummi ce ta dama mini kunun buɗa baki. Ta zuba a fulas ɗin nan, ta ɗaure murfin tamau, ta ajiye a gabana. Ban san ko tsokana ce ko yafiya ba, ban kuma tambaya ba.

Ta buga mini hoton a takarda, yana cikin akwatina tare da na mai keke. Nakan fito da su in jera. Ɗaya an ɗauka da kyamara ina tsaye a cikinsa, amma ba abin da yake tuna mini. Ɗayan kuma na ga yadda aka yi shi daga gero da idona, amma har gobe in na kalle shi zuciyata cewa take yi na gaske ne, kuma ina jin tsoron in aka sake tsayar da ni a gabansa ba shiri zan iya sake rantsewa.

Yanzu dai na koyi magana. Shekaranjiya Baban Ummi ya ɗanɗana miya ya tambaye ni ko na sa gishiri. Ni na sa da hannuna, na ga lokacin da ya narke. Na ce masa ina zaton na sa, amma Allah ne masani. Ummi tana gefe tana yankan albasa, sai na ji ta yi wata 'yar dariya ta hanci, ta farko tun ranar Talatar nan, ta goge ido ta ce albasa ce. Na karɓa a haka.

In kuwa akwai uwar da ke karanta wannan, 'yarta ta fita ba ta karya ba, ta kuma ce mata iyaye ba sa zuwa, to ki dama kunun, ba laifi. Ki kai shi ƙofa, ki miƙa wa mai shara, ki juya ki tari kekenki.